Gudummawa: Ma'anarta da Yadda A Ke Amfani da Ita

Akwai wata kalma wadda da wuya mako ya wuce ba mu ji ta ba. Mai sanarwa ya kan faɗe ta bayan sujada, rediyo ya kan faɗe ta safe da yamma, a ƙofar gidan biki kuwa ita ce a bakin kowace mace da ta shigo da kwano a ka. Kalmar ita ce gudummawa. Saboda yawan jinta mun daina lura da abin da ta ke nufi, har mun soma ɗora mata kayan da ba nata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama mutum ya kan yi aiki bisa ga yadda ya fahimci magana. Na san jama'ar da ta zauna damina uku ba ta aza ko tubali ɗaya ba saboda ta karkatar da ma'anar kalman nan, ni ma ina cikinsu. Zan ba da labarin in mun yi gaba. Yanzu dai bari mu duba kalmar kanta.

Da fari, maganar rubutu, don kada ta ɗauke mana hankali. Za ka ga waɗansu sun rubuta gudunmawa, waɗansu gudummawa, waɗansu kuma gudummuwa. Duka abu ɗaya ne. A bakin Bahaushe, in harafin n ya zo dab da m ko b, sai ya rikiɗe ya zama m. Muna rubuta "gidan Musa", amma saurari bakinka da kyau, "gidam Musa" ka ke cewa. Don haka ne sunan garin nan na ƙasar Kano ya ke fitowa wani lokaci Ɗanbatta, wani lokaci Ɗambatta. Kada malamin makaranta ya bugi yaro a kan wannan. Kalmar mace ce: mu kan ce gudummawa ta zo, ba ya zo ba.

Kalmar fagen fama ce

Duk mai kunne zai ji "gudu" a farkon kalman nan, a nan kuwa ma'anarta ta ke kwance. A zamanin kakanninmu, sa'ad da a ke kai hari, mahara su kan faɗa wa ƙauye da asuba. Mazan ƙauyen su tashi da baka da kwari, su tare ƙofa, mata su yi ta kururuwa, a buga ganga. Mutanen ƙauyen da ke kusa in sun ji, sai kowa ya yar da abin da ke hannunsa, mai doki ya ɗaura sirdi, marar doki ya ɗauki mashi ya sheƙa a ƙasa. Wannan fitowa da gudu domin a ƙara wa waɗanda su ke cikin faɗa ƙarfi, ita ce gudummawa tun asali.

Ka tsaya a kan hoton nan kaɗan, mai karatu, gama dukan darasinmu yana cikinsa. Waɗanda su ka zo da gudu, me su ka tarar? Sun tarar da maza a tsaye a bakin ƙofa, sun riga sun soma harbi. Da a ce mutanen ƙauyen sun shige rumbu sun ɓuya, suna jira maƙwabta su zo su yi musu yaƙin, da ba a kira zuwan nan gudummawa ba. Sai a ce an cece su, ko an fanshe su. Gudummawa ƙari ce a kan ƙoƙarin da wani ya riga ya fara. Yaƙin na mai gari ne. Kai da ka zo, hannu ka ƙara.

Sa'an nan akwai maganar lokaci. Ba a ce tafiya ba, gudu a ka ce. Wanda ya tsaya ya gama karin kumallo, ya iso bayan mahara sun kora shanu sun haye rafi, ya yi ta kaɗa mashi yana cika baki, Hausawa sun riga sun ba aikinsa suna: ihu bayan hari. Buhun masara da ya zo a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba, ya fi buhu uku da za su zo da kaka.

Ga misali daga tarihin ƙasarmu. A watan Mayu na 1903 wata ƙaramar rundunar Turawa ta auka wa garin Burmi, a ƙasar Gombe. Mutanen garin su ka tsaya mata da kibau har ta ja da baya. Turawan ba su sake gwadawa nan da nan ba, su ka jira ƙarin soja, har waɗansu su ka taso daga Lakwaja tare da wani hafsa mai suna Manjo Marsh. Ran 27 ga Yuli na shekaran nan su ka komo, a ka yi yaƙi mai zafi, su ka ci garin. A nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu tare da jama'a masu yawa, Manjo Marsh ma kibiya ta kashe shi. Mutumin Burmi da ya hau ganuwa ya hango ƙura, abin da zai faɗa shi ne, gudummawa ta zo wa abokan gaba. Ka ga kalmar ba ta zaɓen gefe. Abin da ta ke bukata shi ne a sami wanda ya soma aiki ƙarfinsa bai kai ba, da wanda ya taso da niyya ya ƙara masa.

Daga fagen yaƙi kalmar ta shigo gari. Da hari ya ƙare, bukata ba ta ƙare ba. Mai aurar da 'ya ya sayi gado da tukwane, ƙarfinsa ya tsaya a nan, sai ƙanwarsa ta kawo zane biyu, abokinsa ya aiko da tiya goma ta shinkafa. Mai suna ya sayi rago, maƙwabci ya kawo goro. Wanda ya yi rashi, a ka tara masa abin ciyar da masu zuwa gaisuwa. Duka wannan gudummawa ce, domin a ko'ina akwai mai hidima wanda nauyin ke wuyansa.

'Yan'uwanta

Hausa ba ta da talaucin kalmomin taimako. Taimako shi ne uba, ya rufe su duka. Ko allura ka miƙa wa tela, ka taimake shi. Amma 'ya'yan kowanne da aikinsa.

Mafi kusa da gudummawa shi ne ɗauki. In gobara ta kama, ko ɓarayi sun shiga gida da dare, har yau cewa mu ke yi a kai ɗauki. Ɗauki ya riƙe gudun nan na dā, bai shiga harkar kuɗi da biki ba.

Agaji kuwa na wanda ƙarfinsa ya ƙare sarai ne. Wanda ruwa ke ci ba ya neman ƙari a kan ƙoƙarinsa, cewa ya ke yi a agaje shi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri cikin dare. Waɗanda su ka shiga da kwalekwale suna sauko da mutane daga kan rufin ɗaki, da waɗanda su ka dafa abinci su ka kai sansani, agaji su ka yi. Ba wanda ya tsaya tambayar mai jego a kan rufi ko me ta fara yi wa kanta. Amma bayan watanni, sa'ad da magidanci ya koma kangonsa, ya kwashe laka, ya soma tayar da bango, ɗan'uwansa ya aiko masa da buhun siminti biyar daga Kano, wannan gudummawa ce. Mutum ɗaya ne, masifa ɗaya ce, amma kalma ta sake domin mutumin ya miƙe tsaye.

Tallafi ya fi su wuyar ganewa, ya kamata mu daɗe a kansa kaɗan. Dubi yarinya ta ɗauko tulu daga rijiya, ta sa hannu ɗaya ta riƙe shi a gefe don kada ya karkace. Dubi uwa ta sa tafin hannu a ƙeyar jariri, gama wuyansa bai yi ƙwari ba tukuna. Wannan shi ne tallafawa. Hannun ba ya zuwa ya koma, yana nan muddin kayan yana kai. Don haka ne a ke kiran yaron da a ka ɗauka a ke reno a wani gida ɗan tallafi. Masu fassarar labarai sun yi daidai da su ka kira kuɗin da gwamnatin Nijeriya ta daɗe tana biya don a rage tsadar man fetur "tallafin mai". Hannu ne wanda ya shekara da shekaru a gefen tulu. Ran 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Ba ina maganar ko an yi daidai ko an yi kuskure ba, wannan shafi ba na siyasa ba ne. Abin da na ke so ka gani shi ne halin tallafi: wuyan da ya saba da hannu, ran da a ka janye hannun sai ya ji nauyin duka gaba ɗaya. Gudummawa ba ta barin mutum haka, gama tun farko ya san masu gudun za su koma gidajensu.

Akwai kuma tokari, watau itacen da a ke kafa wa bangon da ya soma rinjaya da damina. Akwai gayya, inda samari su ke taruwa a gonar mutum ɗaya yini guda, ya ciyar da su. Waɗannan kowa ya san su.

Yadda a ke faɗa, da yadda a ke ɓatawa

Mu kan ce a kai gudummawa, ko a kawo gudummawa, gama abu ce mai tasowa daga wani wuri zuwa wani. Mu kan ce an yi wa wane gudummawa. "Ba da gudummawa" ma ya zauna, ko da ya ke a kunnena ya fi ƙamshin ofis. Amma ba a biyan gudummawa. In ka ji an ce, "Wane bai biya gudummawarsa ba," to, akwai abin da ya karkace. Bashi a ke biya, da haraji, da tara.

A nan ne ɓarna ta fari ta ke. Kwamiti ya zauna ya yanka wa kowane magidanci naira 5,000, kowace mace naira 2,000, a ka rubuta sunaye, wanda bai kawo ba a ka karanta sunansa a gaban jama'a. Sa'an nan a ka kira abin gudummawa. Ba na cewa yanka kuɗi laifi ne, wani aiki ba ya yiwuwa sai da haka. Amma sunansa karo-karo, ko kuɗin ƙa'ida. In mun kira shi gudummawa mun cuci mutum biyu. Mun cuci gwauruwar da ta kawo naira 500 da zuciya ɗaya, gama mun mai da ita mai bashin 1,500. Mun kuma cuci mai hali wanda da an bar shi da zuciyarsa zai kawo 50,000, amma da ya ga an yanka masa 5,000 sai ya miƙa ya wanke hannu.

Irin wannan ya taɓa faruwa a babba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarin Afirka ta Yamma, da yawansu daga Arewacin Nijeriya, a cikin runduna ta 81 da ta 82. A 1943 da 1944 a ka haye da su teku zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Bama, su ka yi yaƙi da Japan. An saba cewa wannan gudummawarmu ce ga Ingila. Ga waɗanda su ka shiga soja da ƙafarsu, kalmar ta yi daidai. Amma akwai waɗanda hakimi ko dagaci ne ya nuna su da yatsa domin a cika lissafin da a ka nema daga sama. Wanda a ka tura ƙeyarsa bai yi gudu ba.

Mata kuma suna da tasu. A wurare da yawa, abin da ƙawa ta kawo ranar aure ko suna a kan riƙe lissafinsa, a dā da ka, yanzu a littafi, domin ran da tata hidima ta zo a mayar mata, sau da yawa har da ninki. Iyayenmu mata ba su ruɗe ba, suna da sunan abin, biki su ke ce da shi, kowa kuwa ya san biki ramawa a ke yi. Dabara ce mai kyau, kusan ajiya ce kamar adashi. Rikici ya kan tashi ne sa'ad da mai kawowa ta ce a ranta biki ta yi, mai karɓa kuwa ta ɗauka gudummawa ce. Shekara biyu a tsakani sai ka ji an daina gaisuwa, ba wanda ya san dalili.

Ɓarna ta biyu daga rediyo da jarida ta shigo. Za ka ji an ce, "Talauci ya ba da gudummawa wajen yawaitar sata," ko kuwa, "Ruwan sama ya ba da gudummawa ga lalacewar hanya." Wannan Turanci ne a ka sa wa rigar Hausa. Talauci ba shi da ƙafar gudu, ba shi da niyya, sata kuma ba ta yi kururuwa ta nemi a zo ba. Kakarka ba za ta faɗi haka ba. Cewa za ta yi talauci yana cikin abin da ya jawo sata, ko ruwa ya ƙara lalata hanya. Ina roƙon matasanmu masu fassara a taro su kiyaye wannan.

Ɓarna ta uku ta mai kawowa ce. Wanda ya zo gudummawa ba ya karɓe garin. In ka je gayya, mai gona ne zai nuna maka kunyar da za ka kama, ko da ka fi shi iya noma. Wanda ya kawo buhun shinkafa ba shi ne zai zaɓa wa yarinya miji ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma sau nawa mu ka ga mai kuɗi ya ba da kwanon rufi, sa'an nan ya ce sai an juya ƙofa ta dubi hanyar gidansa, sai an rubuta sunansa a bango, sai an sa ƙanensa a kwamiti? Wannan ba ƙari ya yi ba, saye ya yi. Masu karɓa ma su sani tun da wuri, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Damina uku

Yanzu ga labarin da na yi alkawari. Da na fito makaranta, a ka tura ni wani ƙauye inda ɗakin sujada na jinka ne, ya tsufa, in an yi ruwa da iska sai mu rarrabu gefe gefe kamar kaji. Mu ka shirya za mu yi sabon gini. Ni ne mai ilimin rubutu, saboda haka ni na rubuta wasiƙu zuwa ga 'ya'yan ƙauyen da ke aiki a birane, da waɗansu manya, ina neman gudummawa. Na iya tsara magana, ban rage kome ba. Amsa ta zo daga mutum biyu ko uku, da gaisuwa mai daɗi da alkawari. Mu ka zauna jira. Duk wanda ya tambaye mu labarin gini sai mu ce, muna jiran gudummawa. Damina ta zo ta wuce, ta biyu ma haka, ta uku ta kama.

Wata rana a taron dattawa na kawo shawara a sake rubuta wasiƙa. Akwai wani tsoho, maharbi ne a ƙuruciyarsa, bai san ko harafi ɗaya ba, ba ya kuwa yawan magana. Ya ce, "Malam, in yi tambaya?" Na ce, "Baba, bismilla." Ya ce, "Gudummawan nan, wa za a kawo wa?" Na ce, "Mu mana, Baba." Ya ce, "To, in sun taso da gudu, ina za su dosa? Ni dai ban ga ƙura ba, ban ji ganga ba. Wanda ya zo zai tarar da mu a gindin ɗorawa ne muna hira. Ai kunya ma za ta sa ya koma."

Ba wanda ya yi dariya. Ni da takardar shaidata a akwati, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara uku ina amfani da kalmar da ban san ma'anarta ba. Abin da na ke roƙo a wasiƙun nan, in an faɗi gaskiya, shi ne a zo a yi mana aikin duka, na kuwa sa masa suna mai kyau don kada in ji kunyar roƙo.

Da kaka ta yi, ruwa bai janye daga kududdufi ba tukuna, mu ka soma buga tubali. Maza suna haƙa ƙasa suna kwaɓawa, mata suna ɗebo ruwa, yara suna jera tubali a rana. Kowane gida ya kawo damin dawa, a ka sayar a ka biya magini. Kafin Kirsimati bango ya kai taga. Ban rubuta wa kowa wasiƙa ba a wannan karo. Amma 'ya'yan ƙauyen da su ka zo hutu sun gani da idonsu. Ɗaya ya zagaya ginin sau biyu bai ce kome ba, ya koma birni. Bayan mako uku sai ga mota ta kawo bandir huɗu na kwano. Wani ya aiko da katako. Wata malamar asibiti, wadda ba ta cikin waɗanda na taɓa rubuta wa, ta aiko da kuɗin ƙofa da tagogi biyu, da 'yar takarda tana ba da haƙuri wai abin kaɗan ne.

Ran da a ka sauke kwanon, tsohon nan yana zaune a kan kututture yana kallo. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga shi ta iso." Ya ce, "Na gani, Malam. Amma kwano huɗu ba zai rufe ba, sai biyar da rabi. Ka gaya wa mutane gobe kowa ya fito da gyaɗarsa."